Sa'an da Jirgin Tsakar Rana Ya Iso

Da yawa cikinmu mun taɓa kallon siliman na kaboyi, masu dawaki da bindiga na ƙasar Amurka. Akwai ɗaya da a ke kira High Noon, wanda ya fito a 1952, mai abin koyo ga ekklesiya.

Ga labarin. Will Kane shi ne shugaban 'yan doka na wani ƙaramin gari. Ran aurensa, bayan ya ajiye aiki, sai labari ya zo an saki wani mai kisankai, Frank Miller, wanda shi Kane ya kama dā. Jirgin ƙasa za ya kawo shi da tsakar rana, mutanensa uku kuwa suna jiransa a tasha domin su ɗauki fansa. Kane ya ƙi gudu, ya zaga gari yana neman mataimaka. Alƙali ya tattara kayansa ya tsere. Abokinsa ya ɓuya, ya sa matarsa ta ce ba ya gida.

Sa'an nan ya shiga majami'a ana cikin sujada. Da fari waɗansu suka miƙe za su bi shi, amma aka shiga muhawara. Wani babban gari ya yabe shi ƙwarai, kāna ya ce faɗa za ya ɓata sunan garin, ya kori masu kawo kuɗi, gara Kane ya tafi. Kowa ya sunkuyar da kai. Kane ya fita shi kaɗai.

'Yan'uwa, ba bindigarsa mu ke yabo ba, gama Ubangiji ya hana Bitrus takobi (Matta 26:52). Mu dubi masu sujadan nan. Ba su yi kisa ba, ba su yi sata ba, zama kawai suka yi. Amma Yaƙub 4:17 ya koya mana zunubi ne mutum ya san nagarta ya ƙi yinta. Bulus kansa ya ɗanɗana wannan ran da aka fara yi masa shari'a, kowa ya yashe shi (2 Timothawus 4:16).

Mu fa? Sa'an da a ke ƙwace gonar gwauruwa, ko a ke yi wa ɗan'uwa shaidar zur, mu da mun san gaskiya, mu kan tashi, ko mu kan ce ba ruwanmu? Yesu ya tsaya dominmu shi kaɗai bayan almajiransa sun watse. Bari mu roƙe shi ƙarfin zuciya, kada makwabcinmu ya fita daga majami'armu ba mai binsa.