Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Tun kafin zuwan Turawa Gobirawa sun san gayya. Manomi a bakin gulbin Rima ya kan kira maƙwabta su nome masa gona, shi kuma ya rama ranar da aka kira shi. Ƙungiyar ma'aikata gayya ce ta masu cin albashi. To, ga abin tambaya: me ke sa ma'aikaci ya riƙe ƙungiyarsa da gaskiya, jin daɗin zama da shugabansa ko kuwa ƙuncinsa?

A zamanin En'e, malamin ofis a Isa ko Sabon Birni ya ɗauki hakimi uba ne. In abu ya dame shi sai ya je zaure ya faɗi gaisuwa, ya kai kuka. Babban yajin aikin 1945, wanda Michael Imoudu ya jagoranta har kwana 44, galibi a Ikko da garuruwan kan hanyar jirgi aka yi shi. A 1976 ƙananan hukumomi suka maye gurbin En'e, a 1978 kuma aka kafa NLC, ma'aikatan ƙananan hukumomi suka taru a NULGE. Daga nan aka shiga yanke kuɗin ƙungiya daga albashi tun bai zo hannu ba. Saboda haka biyan kuɗi ba shi ne shaidar riƙon amana ba.

In shugaba mai adalci ne, albashi na zuwa kan kari, sai ma'aikaci ya manta hanyar wurin taro, ya ce me ƙungiya za ta ƙara masa? In kuwa aka danne masa ƙarin girma, ko aka tura shi ƙauyen da 'yan bindiga suka addaba ba tare da an ji ta bakinsa ba, sai ya sheƙo yana neman 'yan'uwa. Sau da yawa ya tarar da ƙungiya ta raunana, domin kowa ya yi yadda ya yi.

Nan kuskuren ya ke. Shugaban kirki ana iya canja masa wurin aiki gobe, amma abin da ƙungiya ta sa aka rubuta ya kan zauna. Shugaba mai hankali kuwa ba ya ƙyashin ƙungiya, domin ta bakinta ya ke jin abin da ake tsoron faɗa masa ido da ido. Wanda ya ƙi gayyar maƙwabci da damina ta yi kyau, kada ya yi fushi in ya kira ranar da ciyawa ta cinye gonarsa, ba wanda ya amsa.