Ko Madubi Ya Kan Yi Ƙarya?

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Sabo da haka in mutum ya tsaya gaban dattawan ikkilisiya ya ce da idonsa ya gani, sai mu ɗauka magana ta ƙare. Amma ko ya yiwu mutum ya gani da gaske, ya faɗi abin da ya gani, duk da haka ya zalunci ɗan'uwansa? Bari mu tambayi madubi.

Madubi ba shi da hasken kansa, abin da ya faɗa bisansa shi ya ke mayarwa. Ka'idarsa ɗaya ce: yadda haske ya karkata sa'ad da ya sauka, haka ya ke karkata sa'ad da ya tashi, kamar ƙwallon da aka buga a bango. In fuskar madubi a miƙe ta ke, mu kan ga kanmu daidai girmanmu.

Amma ku ɗauki cokali mai ƙyalli. Bayansa, mai tudu kamar ƙwaryar da aka kife, ya kan warwatsa haske, kullum ya nuna abu ƙarami. Cikinsa, mai zurfi, ya kan tattara haske wuri ɗaya: abin da ke dab da shi ya yi girma, na nesa kuwa ya fito da kai a ƙasa. Duk da haka babu inda cokali ya karya ka'idar nan. Kowane tsirkiyar haske ta komo daidai, lanƙwasar ce ta ɓata kamannin.

Haka zuciyar ɗan Adam ta ke. Laifi tudu ne, in ji masu magana. Namu mu kan dube shi a bayan cokali, na maƙwabci kuwa a cikinsa. Mai kishi ba lallai ya ƙaga kome ba. Ya ga abu da gaske, amma a lanƙwasasshiyar zuciya.

Kada wani ya ce lanƙwasarsa kaɗan ce. A shekara ta 1990 mutanen Amurka suka harba na'urar hangen taurari mai suna Hubble zuwa sararin sama. Faɗin madubinta mita 2.4 ne, kuskuren da aka yi wajen goge shi kuwa misalin kashi 1 ne cikin 50 na kaurin gashin kai. Wannan ɗan abu ya sa taurari suka fito dishi-dishi, har aka aiki mutane suka gyara a 1993. Da aka bincika, ashe ma'aunin da aka dogara gare shi ne ya karkace. Waɗansu ma'aunai biyu sun nuna kuskuren tun da wuri, amma ba a kula da shaidarsu ba.

Domin wannan ne Shari'ar Musa ta hana a kā da mutum a bakin shaida ɗaya, Ubangijinmu kuma ya ƙarfafa wannan cikin Matta sura 18. Ya ku 'yan'uwa, kafin mu hana wani jibin Ubangiji, ko mu ɓata sunan matar wani, bari mu nemi shaida na biyu, mu ji kuma daga bakin wanda a ke zargi. Mu auna zuciyarmu da Maganar Allah, gama madubi ba ya iya ganin lanƙwasar kansa. Allah ya miƙe mu.