HUKUNCIN BA BAƘO HAYAR GONA TA SHEKARU MASU YAWA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mamallakin sammai da ƙassai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Mutanen Geza da sauran garuruwan ƙasar Bagudo, irin su Illo da Lolo da Tsamiya, suna zaune ne a bakin iyakar Jamhuriyar Benin, iyakar da Ingila da Faransa suka shata da yarjejeniyar 1898, ta raba dangi gida biyu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mai kuɗi da ke zaune a Malanbil ko Kwatano ya aiko wakilinsa neman hayar fadama ta shekara ashirin ko talatin don noman shinkafa. To, mene ne hukuncin wannan ciniki?

Asalin hayar ƙasa halal ne, kuma baƙunci ba ya hana ta, haka nan saɓanin addini. Manzon Allah (S.A.W.) ya bar gonakin Haibara a hannun Yahudawa suna aikinsu a kan rabin amfani, ƙasar kuwa ba ta fita daga mallakar Musulmi ba. Wannan shi ne tushen magana: mai haya amfani ya saya zuwa wani lokaci, ƙasa tana nan ta mai ita. Amma malaman Malikiyya sun gindaya sharuɗɗa.

Na farko, a san wa'adi, a san kuɗin haya, a san iyakar gona. "Ka yi ta noma har illa ma sha Allahu" jahilci ne mai ɓata ƙulli.

Na biyu, a lura da irin ƙasar. Risala da Muhtasar na Shehu Halilu sun rarrabe tsakanin ƙasar da aka amince da samun ruwanta, da wadda ta dogara ga damina kawai. Ta farko ya halatta a karɓi kuɗinta tun gaba. Ta biyu ana iya ƙulla hayarta ta shekaru, amma ba a sharɗanta biya kafin ta sha ruwa, domin in an noma kuɗin ya zama lada, in ba a noma ba ya koma bashi. Ambaliyar da ta cinye shinkafar Jihar Kebbi a 2020 ta isa ta tuna wa masu fadama a bakin Kwara su faɗi tun farko yadda za a yi a shekarar da ruwa ya hana shuka.

Na uku, a mashhurin mazhaba ba a yin hayar gona da abinci ko da abin da take tsirarwa. Cewa "buhu goma na shanshera kowace kaka" bai inganta ba, ko da yake wasu malamai na wajen mazhaba sun sauƙaƙa. Biya da kuɗi ya fi kuɓuta.

Na huɗu, wanda ya fi kowane hatsari, shi ne haƙƙin magada. Haya ba ta warwarewa da mutuwar mai gona ko ta mai haya. Dattijon da ya karɓi kuɗin shekara talatin ya cinye, ya bar wa 'ya'yansa gonar da za su riƙa gani daga nesa. Idan kuwa gonar gado ce da ba a raba ba, babban wa ba shi da ikon ba da ita sai da yardar kowa, har mata, da waliyyin marayu. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya zalunci taƙi guda na ƙasa za a rataya masa shi daga ƙassai bakwai ranar Alƙiyama.

Kada kuma a saka wa jingina rigar haya. Wanda ya ba da rance ya riƙe gona yana cin amfaninta har a biya shi cif, riba ya ci, ko da wane suna aka kira ta.

Sai dokar hukuma. Shehu Abdullahi na Gwandu ya wallafa Ta'alimur Radi a kan hanyoyin mallakar ƙasa, abin da ke nuna cewa sha'anin ƙasa a wannan yanki bai taɓa zama kara zube ba. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa amana a hannun gwamna, ta hana a miƙa gonar karkara ga wani ba da iznin hukuma ba. A 2017 Kotun Ƙoli ta ƙi tabbatar wa wani Bajamushe mallakar fili a Kajuru saboda shi baƙo ne. Ita ma Benin, dokarta ta 2013 ta keɓe sayen ƙasar karkara ga 'yan ƙasarta. Don haka sayarwa a ɓoye da sunan haya yaudara ce ga kowane ɓangare.

Wanda ke zaune nesa ya naɗa wakili amintacce da takarda. A rubuta komai gaban shaidu biyu adilai da sanin dagaci, kamar yadda Suratul Baƙara ta yi umarni game da bashi, a ba kowa kwafinsa. A gajarta wa'adi a riƙa sabuntawa, domin shaidu suna mutuwa, kuma aro in ya daɗe sai mai riƙo ya fara kiransa gado.

Allah Ya tsare Musulmi daga cin haƙƙin juna, Ya sa albarka a gonakinsu, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.