Idan Aka Buɗe Wa Ɗan Sabo Ƙofar Dandamali, Ya Shiga?

Jama'ar Sabo, akwai maganar da ya kamata mu zauna mu duba da idon basira. Yaranmu masu wasan kwaikwayo a makaranta, da waɗanda suka goge a tashen watan azumi, wani lokaci sukan samu gayyata daga wajen unguwa. Wata ƙungiyar Yarabawa za ta ce tana neman mai jin Hausa, ko wani darakta ya ce a zo gwaji. Sai yaro ya rasa ta cewa. Zuciya na so, kunya na ja da baya, a gida kuma an ɗaure fuska. To, mene ne daidai?

Ni dai ra'ayina, ya je. Amma akwai yadda ake zuwa.

Mu fara da tambayar kanmu: wa ya kafa unguwar nan? Tun 1916 aka ware Sabo a Ibadan, kuma waɗanda suka raya ta fatake ne na goro da shanu, mutanen da suka baro garuruwansu, suka koyi Yarabanci, suka yi ciniki da wanda ba su taɓa gani ba. Da kakanninmu masu tsoron baƙon wuri ne, da ba a haife mu a nan ba. Saboda haka yaron da ya ƙetara titi don ya koyi sana'a bai saɓa wa gadon gidansu ba.

Sannan mu dubi inda Allah ya ajiye mu. Ƙasar Yarabawa gidan wasan dandamali ce. Hubert Ogunde ya ajiye aikin ɗan sanda a shekarun 1940 ya kafa ƙungiyarsa, suna loda kaya a mota suna bin gari gari. Duro Ladipo ya kai wasansa Oba Koso har ƙasashen Turai. Jami'ar Ibadan na koyar da wasan kwaikwayo tun farkon shekarun 1960, ga kuma cibiyar al'adu ta Mokola nan kusa da mu. A ce mutum yana bakin rijiya ƙishirwa na damunsa, ai da sake.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Idan yaranmu ba su hau dandamali ba, wasu za su hau a madadinmu. Kowa ya san irin Bahaushen da ake yawan nunawa a finafinan kudu: maigadi da rediyo a kunne, Turanci a karye, an mai da shi abin dariya. Mukan yi tsaki a gaban talabijin, amma tsaki ba ya gyara labari. Wanda ke cikin ɗakin gwaji shi ne zai iya cewa, "Ranka ya daɗe, mu ba haka muke magana ba." Marigayi Sadiq Daba, wanda ya tashi a Saliyo, nesa da ƙasar Hausa kamar mu, ya fito a matsayin Sufeto Danladi Waziri a fim ɗin October 1 na Kunle Afolayan a 2014. Bahaushe ne mai hankali da mutunci, shi ne ma ginshiƙin labarin. Da bai yarda ya yi aiki da waɗanda ba yarensu ɗaya ba, da wa zai nuna wannan?

Sai dai fa buɗe zuciya ba ya nufin amsa kowane kira. Tsoron iyaye ba na banza ba ne. Akwai gwajin da ke kai dare, akwai karatun da kan lalace, akwai masu yaudarar 'yan mata da sunan za su sa su a fim. Kai matashi, kafin ka ce to, ka san su wane ne, ina ake gwajin, ƙarfe nawa ake tashi, nawa za a biya. Ka nemi a ba ka labarin ka karanta tun daga farko har ƙarshe. In aka ce ka fito a maigadi, kada ka raina, gadi sana'a ce ta halal, kuma iyayen wasunmu da ita suka ciyar da mu. Abin dubawa shi ne, mutum za ka nuna ko wawa? In wawa ake so don a yi wa mutanenka dariya, ka yi godiya ka kama gabanka. Wanda ya iya cewa a'a, shi ne "to" ɗinsa ke da daraja.

In kuma ka shiga, ka shiga a ɗalibi. Ka ɗauki kaya, ka share dandamali, ka karɓi ƙaramin matsayi ba tare da ɓata rai ba. In an gyara maka tafiya ko murya, kada ka ce don kai Bahaushe ne ake matsa maka. Ka gyara Yarabancinka, ka tambayi ma'anar kiɗansu. Kai ma ka kai musu naka: barkwancin tashe, tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, zaurance, karin magana. Baƙon kirki ba ya zuwa hannu rabbana.

Iyaye kuma, don Allah a rage saurin cewa "ba a gidan nan ba". Yaron da aka hana ba tare da dalili ba, sau da yawa ta bayan gida yake bi, a nan kuwa ake rasa shi. Gara a raka shi, a ga wurin, a san daraktan, a gindaya sharaɗin karatu da sallah da lokacin dawowa. Ranar wasa kuma a je a zauna a sahun gaba. Yaron da ya san mahaifinsa na kallo, shi da kansa zai san abin da ya dace ya yi a kan dandamali.