Hoton dare a bakin ruwa: wa aka ɓoye, wa aka tona?

Hausawa kan ce dare mahutar bawa, kuma su ne dai ke cewa dare rigar mugu. Karin maganar nan biyu sun haɗu a kan abu guda: dare sutura ne. Tambayar da ke gabanmu ita ce, yanzu da kusan kowane saurayi ke yawo da kyamara cikin wayar hannunsa, wa ya ba shi izinin yaye wannan sutura?

Mu a Birnin Ƙonni ba mu da kogi mai ratsa gari. Ruwanmu shi ne na Maggiya da aka tare a madatsun Mozage da Zango, da tabkin Cerasa mai shayar da gandun noman rani, sai tabkunan da damina kan bari cikin unguwanni. To amma duk ɗanmu da ya yi tafiyar kilomita sama da 400 zuwa Yamai, da wuya ya dawo ba tare da hoton kogin Isa da dare ba: fitilun gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, suna rawa bisa ruwa. Hoton kan yi kyau, ba musu. Sai dai ya kamata mu san yadda ake samun wannan kyau.

Da dare haske kaɗan ne, don haka sai an kafe kyamara, a bar idonta buɗe na daƙiƙa goma ko ashirin tana tara haske. A cikin wannan lokaci abin da ke tsaye shi kaɗai ke fitowa sarai: gada, bene, turken fitila. Abin da ke motsi kuwa yakan zama hazo, ko ya ɓace ɗungum. Masuncin da ke tuƙa kwalekwale, da yaron da ke tallan kifi, da mai lambun da ya makara wajen ban ruwa, duk sai hoton ya shafe su. Ga gari fes, amma ba masu gari. Ashe ba da wata mugunta ba, na'ura kan yi abin da zukatanmu suka saba yi: ta riƙe gini, ta manta da talaka.

Idan mai hoto ya ce zai gyara wannan, ya kunna walƙiyar kyamara, sai ya faɗa wani ramin. Walƙiya ba ta sallama. Takan kama mai wanka a gefen ruwa, da almajirin da barci ya kwashe, da wanda ya fito da dare don kada a ga tsummansa. Kafin asuba hotonsa ya zagaya WhatsApp. Wannan kam tonon asiri ne, ko da an kira shi fasaha.

Wani zai ce bakin ruwa wurin kowa ne, wanda ya fito fili ya yarda a gan shi. Akwai gaskiya ciki, amma gani daban, adanawa daban. Ido na mantuwa, hoto ba ya yi.

Magabata a wannan sana'a sun bar mana hanya ta uku. Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, ya ɗauki rayuwar daren Yamai a shekarun 1960 da 1970, kuma mutanen cikin hotunansa sun san shi, sun san abin da ya kawo shi. A Bamako, Malick Sidibé gayyatarsa matasa kan yi wurin bukukuwan dare, bayan nan su je shagonsa su zaɓi hotonsu su biya. A 2007 bikin fasaha na Venise ya ba shi lambar Zakin Zinariya. Mutanen da suka ɗauka ba su ɓace ba, ba a kuma tona su ba, domin da saninsu aka yi. Wanda ya yarda, shi zai tsaya cik har idon kyamara ya ƙoshi da haske. Ka ga ladabi ya warware matsalar da na'ura ta kasa.

Saboda haka, malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, in za mu koya wa yaranmu hoto, mu fara da abin da iyayenmu suka fara koya mana a ƙofar zaure: a yi sallama, a jira amsa. In an ce a'a, a mayar da waya aljihu, a bar wa dare abin da ya rufe. Allah ya rufa mana asiri.