KADA KA SARE TOHON DA ALLAH YA BA KA

Rana ta kusa faɗuwa a wani ƙauye na ƙasar Gazawa. Uwargida tana daka da goyo a bayanta. Tun asuba ba ta zauna ba. Ta je rijiya, ta yi surfe, ta kai abinci gona. Maigida kuwa ya dawo daga noma a gajiye, ya zauna a kan tabarma. Aka ba yaro ɗan shekara 4 ƙwaryar fura ya kai wa ubansa. Ya riƙe da hannu biyu, yana murna an aike shi. Saura kaɗan ya isa, sai igiyar akuya ta harɗe shi. Fura ta zube a ƙasa.

Kafin ya tashi, mari ya sauka. Uban ya ce, "Tashi ka ba ni wuri, shashasha! Kai dai ba za ka yi amfani ba." Uwar ta ce, "Maigida, a yi haƙuri, ai yaro ne." Ya ce, "Ke ce kike ɓata shi." Yaron ya je bayan rumbu ya ɓuya, ya yi ta kuka har barci ya ɗauke shi.

Ya mai karatu, ka san gidan nan? Watakila gidan maƙwabcinka ne. Watakila kuwa naka ne. Furar da ta zube, gobe a dama wata. Amma maganar da ta shiga zuciyar yaron nan, wa zai fitar da ita?

MISALI DAGA GONAKINMU

Dattawan Agiye da Gidan Rumji suna tuna lokacin da gonaki suka zama fili fetal. Kowace shekara kafin damina, manomi yakan yi sassabe, ya sare duk tohon da ya gani, ya tara ya sa wuta. Ana cewa gona mai tsabta ita ce gonar manomin kirki. Sai iska ta riƙa kwashe ƙasa, rairayi yana binne shuka, mata kuma suna tafiya mai nisa neman itacen wuta.

A shekarar 1983 wani ma'aikacin mishan a Maraɗi, mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayar motarsa saboda rairayi. Ya ga wani ɗan tsiro a gefen hanya, ya matsa ya duba ganyensa da kyau. Ashe itace ne da aka sare tun da daɗewa, saiwarsa tana da rai a ƙasa, kowace shekara tana fid da toho, kowace shekara kuma ana sarewa. Ya gane akwai daji guda a ƙarƙashin gonaki, yana jiran a ba shi dama.

Bayan yunwar 1984 manoma suka fara gwadawa. Da fari an yi musu dariya, ana cewa gonarsu ta ƙazantu. Daga baya suka ga kalgo da sabara da gawo sun tashi, iska ta ragu, ga itacen wuta, ga abincin dabbobi. Aka sa wa dabarar suna sassaben zamani. Ƙauyen Ɗan Saga a ƙasar Agiye ya yi suna a kanta. Masu bincike sun ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo a Nijar sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Ba dashe aka yi ba. Abin da Allah ya riga ya sa a ƙasa, shi aka daina sarewa, aka fara kiwo.

Ɗan'uwa, 'ya'yanka toho ne. Zabura ta 127 ta nuna mana kyauta ne daga wurin Ubangiji. Ba kai ka ba su rai ba, amana aka ba ka. To, me manomi yake yi wa toho?

NA FARKO, YAKAN DUƘA YA DUBA

Mai wucewa da sauri ba ya bambanta ciyawa da itace. Sai wanda ya duƙa. Yaushe rabon da ka duƙa ka dubi fuskar ɗanka, ka ji abin da yake faɗa? Da yawanmu muna iya zama awa uku a majalisa ana shan shayi, amma in yaro ya zo da tambaya sai mu ce, "Je ka wurin uwarka." Waɗansu kuma saboda kunyar ɗan fari ba sa ko yi masa magana mai daɗi. Kunya abu ne mai kyau, amma kada ta sa yaro ya girma bai san ana ƙaunarsa ba.

A cikin Markus sura 10 an kawo wa Yesu Almasihu yara ƙanana domin ya sa musu hannu. Almajiransa suka kore su, suna tsammani Malam ba shi da lokacin yara. Yesu bai ji daɗin wannan ba ko kaɗan. Ya hana almajiran, ya rungumi yaran, ya sa musu albarka. In Ubangijin sama da ƙasa ya sami lokacin yara, kai wane ne da za ka ce aiki ya yi maka yawa?

NA BIYU, YAKAN YI GYARA DA HANKALI

Manomi ba ya barin toho haka nan. In ya bar shi, sai ya zama sarƙaƙiya. Yakan zaɓi rassa masu ƙarfi, uku ko biyar, ya cire sauran. Amma ga abin lura. Da kayan aiki mai kaifi yake yi, daga ƙasa kuma yake sara zuwa sama, don kada ɓawo ya tsage. Gama in ɓawo ya tsage, ƙwari da ciwo sukan shiga ta wurin.

Haka horon yaro yake. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne. Yaron da ya yi ƙarya, ko ya ɗauki abin wani, ko ya zagi babba, dole a tsawata masa. Amma tanƙwarawa dabam, karyawa dabam. Yaron da ya zubar da fura bai yi zunubi ba, ƙafarsa ce ƙarama. Marin da ya sha gajiyar ubansa ce ta kawo shi. Manzo Bulus, a cikin Afisawa sura 6 da Kolosiyawa sura 3, ya gargaɗi ubanni musamman kada su tsananta wa 'ya'yansu har zuciyarsu ta karai.

Ke kuma 'yar'uwa, Allah ya san gajiyarki. Ya san goyo, da daka, da daren da ba ki yi barci ba saboda zazzaɓin yaro. Amma ki tsare bakinki. Kada ki tsine wa abin da kika haifa. Bakin da ke yi wa yaro addu'a da safe, kada ya la'ance shi da yamma.

NA UKU, YAKAN TSARE SHI KULLUM

Toho yana da maƙiya: akuya, da wuta, da mai gatari da dare. Shi ya sa mutanen Ɗan Saga suka naɗa masu tsaron itatuwa. Yaro ma yana bukatar tsaro. Jikinsa yana bukatar nonon uwa zalla har wata 6, da allurar rigakafi, da gidan sauro da damina. In jikinsa ya yi zafi, a kai shi likita ran nan, kada a jira gobe. Maigida, wannan ba aikin mace kaɗai ba ne. In za ka tafi cin rani, kada ka bar rumbu wayam da alkawarin baki.

Zuciyarsa ma tana bukatar tsaro. Maimaitawar Shari'a sura 6 ta umarci iyaye su koya wa 'ya'yansu maganar Allah a cikin zaman yau da kullum, a gida da kan hanya, safe da dare. Ba sai ka yi karatu mai zurfi ba. Bayan tuwon dare, ka tara su a tabarma, ka ba su labarin Yusufu ko na Dawuda, ku yi addu'a gajeriya. Timoti ya zama ma'aikacin Allah, amma bangaskiyarsa a gida ta faro, wurin kakarsa da uwarsa. Ka kuma sani, yara suna koyon abin da suka gani fiye da abin da suka ji. Yadda kake yi wa uwarsu magana, haka ɗanka zai yi wa matarsa wata rana.

IN NA RIGA NA SARE FA?

Watakila ka ce, "Ni haka aka yi mini, haka kuma na yi wa nawa. Fushi ya fi ƙarfina." Gaskiya ka faɗa. Fushin nan daga zuciya mai zunubi yake fitowa, kuma ba mai iya sāke zuciyarsa da kansa. Amma ga albishir. Annabi Ishaya, a sura 11, ya kwatanta gidan Yesse, uban sarki Dawuda, da kututturen da zai fid da toho. Tohon nan shi ne Yesu Almasihu. Ya mutu a kan gicciye saboda zunubanmu, har da zunuban da muke yi a cikin gida inda ba mai gani. A rana ta uku ya tashi. Wanda ya ba da gaskiya gare shi zai sami gafara da sabuwar zuciya. Allahn da ya rayar da kututturen gonarka yana da ikon rayar da gidanka.

Saboda haka kada ka jira gobe. Ka roƙi gafarar Allah. Sa'an nan ka tashi ka je bayan rumbu, ka ɗauko yaron nan, ka share masa hawaye, ka ce, "Ɗana, ban kyauta ba." Girmanka ba zai zube ba.

In kana so, ka yi wannan addu'a: Ya Uba na sama, na gode maka domin 'ya'yan da ka ba ni amana. Ka gafarta mini fushina da mugun bakina. Ka ba ni sabuwar zuciya, ka koya mini in yi kiwonsu kamar yadda kake kiwona. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.