Tsakanin haɓa da tsakar ka

A shagunan hayar kayan zamiya kan dusar ƙanƙara a tsaunukan Faransa da Ostiriya, tambaya uku ake yi wa baƙo kafin a miƙa masa siki, siraran allunan nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa. Tsawonka nawa? Nauyinka nawa? Ina ƙwarewarka ta kai? Magwaji da sikeli ke amsa biyun farko. Ta ukun ba ta da ma'auni sai gaskiyar mai amsawa, kuma a nan mutane suka fi yin tuntuɓe.

Ƙa'idar yau mai sauƙi ce: a tsai da allon, kansa ya faɗo tsakanin haɓar mutum da tsakar kansa. Gajere ya fi saurin juyawa, yana kuma rufa wa ɗan koyo asiri, amma da gudu ya yi gudu sai ya kama rawa. Dogo yana da natsuwa a kan gangara, sai dai ba ya jin maganar wanda ƙafarsa ba ta yi ƙwari ba.

Da ba haka ake aunawa ba. Mutum kan ɗaga hannu sama, a ba shi allon da ya kai wuyan hannun, shi ya sa a shekarun 1980 maza da yawa ke fama da na mita biyu ko fiye. A 1993 kamfanin Elan na Sulobeniya ya fito da samfurin SCX mai tsukakken ƙugu da faɗin kai, wanda ke yanka kwana cikin sauƙi, sai tsawon da ake kira daidai ya ragu sosai alhali jikin ɗan Adam yana nan yadda yake.

To, a ina "daidai" take zaune, a jikin abin ko a jikin mai shi? Masanin falsafa Aristotal ya yi wannan muhawara a littafinsa na ɗabi'a, kuma da ɗan wasa ya buga misali. Abincin da ba zai ishi Milo, shahararren ɗan kokawar Girkawa ba, zai yi wa sabon shiga yawa. Don haka tsaka-tsaki ba lissafin raba biyu ba ne, gwargwadon mutum ne. Wani masanin falsafar, Ibn Miskawaihi, wanda ya rasu a 1030, ya gina nasa bayanin kyawawan halaye a kan wannan tushe.

Maganar tana da nauyi, domin ta mai da zaɓen allo ya zama sanin kai. Mai ɗaukar dogo don a ce gwani ne ya cuci kansa. Amma mai maƙale wa gajere shekara da shekaru saboda tsoro shi ma bai yi wa kansa adalci ba, ko da yake shi ba a cika yi masa dariya ba. Clif Taylor, wani malamin zamiya a Amurka, ya gane haka tun shekarun 1960: yakan fara ɗalibi da gajeren allo, ya riƙa ƙara masa tsawo yayin da ƙafarsa ke faɗawa.

Inda ra'ayin Aristotal ya gamu da cikas shi ne wasan dogon tsalle da siki. A can dogon allo tamkar fiffike ne, kuma marar nauyi ya fi nisan tashi, sai 'yan wasa suka shiga horar da kansu da yunwa. Hukumar wasan siki ta duniya, FIS, ta taƙaita tsawon allo, yanzu ba ya wuce kashi 145 cikin ɗari na tsawon ɗan wasa, kuma tun 2004 ta ɗaure shi da ma'aunin ƙiba na BMI: wanda ya rame fiye da kima a rage masa allo. Wato aka daina barin mutum ya yanke wa kansa gwargwadonsa, tunda son nasara ya lalata masa ma'auni. Duk da haka wasu suka yi lissafi suka ga gara gajeren allo da ƙarin nauyi, har sai da hukumar ta riƙa ɗaga ma'aunin ya kai 21.